Yatsu Uku a Gindin Bango

Tun da labari ya bazu cewa za a sake ɗaukar masu zane a zaunar da su cikin unguwanni, ƙofar gidanmu ba ta huta ba. Ku zo biyu-biyu, uku-uku, kowa da wayarsa cike da hotuna, ku ce, “Yaya Rakiya, ki duba mana dosiye.” Shekaranjiya ɗayanku har ya ce mini zanen bango ai wasan yara ne da laka, girma kawai aka ƙara masa. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ɗauke shi lokacin da nake lise, makarantar sakandare, ina cika gefen littafin lissafi da furanni. Zan duba muku dosiyen, takardun neman aikin nan naku. Amma ku zauna tukuna ku ji abin da ba ya shiga cikin dosiye.

Aikin farko da na sa hannu a ciki shi ne fuskar gidan Alhaji Sabo Bakano, mai sayar da yadi a unguwar Zango. Kawu Ari, yayan mahaifiyata, shi ke sabunta masa ita duk bayan damina biyu. A shekarar Alhaji ya ce ya gaji da dagi da takobi irin na kowa, yana son keken ɗinki a saman ƙofa don baƙo ya san gidan wa ya zo. Ranar na kai wa Kawu fura a lokacin hutu, na tarar da su tsaye suna kallon abin da ya fitar da laka.

“Malam Ari,” in ji Alhaji, “wannan akuya ce ko keke?”

“In ta yi kuka akuya ce, Alhaji.”

Na ajiye ƙwaryar, na tsuguna, na ɗauki tsinke na zana keken a ƙasa, da wuyansa da ƙafarsa da ɗan kurtun zare a ka. Kawu ya daɗe yana dubawa. Ya kankare akuyarsa, ya bi nawa layi-layi. Da ya gama bai ce na iya ba. Cewa ya yi, yana tsokanata da karatun boko, “Gobe ki ɗauro tsohon zane, ’yar lakwal. Mai kyan nan ba zai kai azahar ba.”

Mutane sun yi magana, ba sai na faɗa muku ba. Ɗiya mace a kan tsani a tsakiyar Zango. Duk wanda ya kawo wa Kawu zancen, amsarsa ɗaya ce, wai shi bango bai taɓa tambayarsa ko namiji ne ya shafa shi ba. Na ɗauka daga ranar zan fara zane. Shekara biyu ban fitar da ko ganye ɗaya ba. In na nuna masa littafina sai ya ce, “A takarda kowa gwani ne. Takarda ba ta san damina ba.” Ƙasa ya ba ni.

To ku ji yadda ƙasa take, ku masu cewa laka. Ana haƙo jar ƙasa, a farfasa ta, a tsince tsakuwa. A zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a shiga da ƙafa a tattaka har cinya ta yi rawa. Sannan a tara ta, a rufe da tsofaffin tabarmi, a bar ta ta ruɓa. Ruɓar nan ita ce sana’ar gaba ɗaya. Kwana ɗaya a tsallake, kwana ɗaya a buɗe ta a shayar da ita har ta ƙoshi, a juya, a sake tattakawa, a mayar da rufi. A gidanmu sai ƙasa ta ga Juma’a uku. A makon farko wari take yi, maƙwabta su yi ta tsaki. A na biyu ciyawar ta fara narkewa a cikinta. A na uku launinta ya yi duhu, ta yi laushi kamar man shanu, ta soma wani ƙamshi irin na yayyafin farko. In aka rage mata ruwa a tsakani, ba za ta nuna maka ba. Za ta hau bango lafiya, ta karɓi zane, ta karɓi farar ƙasa da shuni, ta yi kyau duk rani. Sai ruwa ya zo take faɗin gaskiya.

Kawu yana gwada ta hanya biyu. Ya kai ta hanci. Sannan ya murza ta tsakanin tafukansa ta zama igiya, ya naɗa a yatsa. In ta naɗu ba tsaga, ta yi. In ta tsage ko da kamar gashin ido ne, sai ya ce, “Ƙara mata Juma’a,” ko da mai gida zai yi birgima a ƙasa.

Kayan aikinmu duka suna shiga jakar fata ɗaya. Tsohon cokali da bakinsa ya cinye gefe guda saboda goga, shi ke fitar da lanƙwasa. Wuƙa marar kaifi. Tsinken kaba na ƙananan layuka. Da wani baƙin dutse mai santsi da Kawu ya gada daga mahaifinsa, wanda ake goge zane da shi bayan an shafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwan sama kama bango. Sauran duka hannu ne.

Akwai kuma al’ada ɗaya ta gidan su Kawu. In an gama aiki, wanda ya haɗa ƙasar yakan tsuguna a hannun dama na ƙofa, ƙasa da gwiwa, ya danna alamarsa a ɗanyen yaɓe. Ta Kawu yatsu uku ne a jere. Ba ado ba ne. Ma’anarta ita ce, ni na tsaya wa ƙasar nan, in ta saki ni za a nema. Duk wanda ya girma a Birni ya san yatsun nan. Shekara arba’in yana danna su, ba bangon da ya taɓa ba shi kunya, kuma da wannan yake ci da iyalinsa, ba shi da gona, ba shi da shago. Mai koyo ba ya danna komai sai ranar da aka bar masa ƙasa tun daga haƙa har gama aiki. A wannan aikin maigidansa ba ya leƙa ta sai Juma’a ta uku. In ta yi, mai koyo ya danna tasa alamar, daga ranar ya zama mai kansa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta biyu a jere da damina ta yi mana rowa. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Sama ta zama kamar tasar da aka kife, ba ko ɗigon gajimare. An ce tafkin Gidimuni ya ja da baya har masu lambu suna bin sa da ƙafa. Mutanen ƙauyukan wajen Hamdara suka yi ta shigowa gari da tabarmi da tukwane, kowa na neman ɗan’uwan da zai raɓa. Kun san ƙishirwa ba baƙuwa ba ce a Damagaram, amma ta wannan shekarar daban take. A bakin kowane famfo jarkoki ne a jere, an zura musu igiya ɗaya don kada wani ya yi tsallake, su kwana biyu, uku, famfo bai ce uffan ba. Wa zai ba da ruwa a kwaɓa ƙasa? Kawu ya rataye jakarsa a zaure.

A lokacin ne wata ƙawata ta kawo mini takardar wani furoje, wato shirin tallafi na mutanen waje. Za a ɗauki mai zane, a ba shi masauki cikin unguwa wata uku, ya ci da mutane, ya yi aiki tare da su, a bar musu abin da aka yi. Na zauna na fassara wa Kawu.

“Sun ce na masu fasaha ne baƙar fata.”

Ya juya hannunsa gaba da baya. “To wannan na haye. Sai me?”

“Sai a rubuta shafi uku da Faransanci, a bayyana manufar aikin.”

“Manufar bango ai ya tsaya ne.”

“Sai hotunan ayyukan da mutum ya yi.”

“Su zo Birni in zaga da su. Ai ba su gudu ba.”

“Sai kuma kada shekaru su wuce talatin da biyar.”

“Ashe tun farko naki ne, ’yar lakwal, kika tsaya ja mini rai.”

Na rubuta. Yawancin hotunan da na haɗa na bangayen da na riƙe masa kwano ne yana aiki. Aka ɗauke ni. A takardar biro, wato ofishin furojen, Kawu Ari ya fito a matsayin mai taimaka mini. Da na karanta masa ya yi dariya har da tari, ya ce tun da haka ne to wannan shi ne aikina na farko, ƙasa tawa ce, sai Juma’a ta uku zan gan shi.

An sauke ni a wata unguwa da ke gefen Zango, a gidan Inna Zabbu mai ƙosai, wadda ’yan’uwanta na ƙauye suka cika mata tsakar gida har ba wurin shanya. Bangon da aka ba mu na ɗakin taron unguwa ne, dogo, yana fuskantar famfo. Malam Isufu, wakilin furojen, mutum ne mai fara’a da kullum yake duba agogo. Ya tara mata ya ce su faɗi abin da suke so a zana, amma zai yi kyau a nuna halin da ake ciki, ko busasshiyar gona, ko saniyar da ta rame, don baƙi su gani su tausaya.

Inna Zabbu ta ce, “Ɗan nan, yunwa tana cikin gida, sai mun fito kuma mu tarar da ita a bango?”

Mata suka ce zangarniyar gero suke so, wadda ta fi mutum tsayi. Da rumbu mai hula. Da ƙwarya cike da nono. Wata tsohuwa daga wajen Hamdara, ana ce mata Iya Dije, ta ce a sa mata zabo, don tun da ta baro gida ba ta ji kukansa ba.

Ruwan aikin a tano shida yake, manyan gangunan ƙarfen nan, a cikin wani shago kusa da bangon. Motar ruwa kan zo ran Asabar ta cika su, daidai abin da ƙasar za ta sha a mako, ba ƙari. Aka sa kwaɗo a ƙofar, aka ba ni mabuɗi na rataya a wuya. Malam Isufu ya ce ruwan na bango ne, in ɗigo ya bi wata hanya shi da ni za mu amsa a biro, kuma za a janye aikin daga unguwar. Sai ku zana abin a ranku. Ni a nan ina kwarara ruwa a kan ƙasa da kashin jaki, taku ashirin daga inda mata suke zaune a kan jarkokinsu tun asuba. Kallon ruwan kawai suke yi yana shiga ƙasa.

A kwana na biyar da kwaɓa ƙasar, da safe, Inna Zabbu ta same ni a bakin shagon. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

“Ɗiyata, Iya Dije ta cika. Mun zaga gida bakwai, abin da muka tara bai kai rabin bokiti ba. Da me za mu wanke ta?”

Ku da kuke rubuta manufar aiki shafi uku, ku gaya mini abin da za ku rubuta a nan. Na buɗe kwaɗon.

Ƙofar da aka buɗe wa gawa ba ta rufuwa ga mai rai. Washegari mai jego ce. Bayanta mai ciwon ciki. Bayanta wata da ta ce ita ba ta da wani dalili, ƙishirwa ce kawai. Suna zuwa da ƙananan kwanoni a ƙarƙashin mayafi, ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Ni kuma na fara yi wa ƙasa wayo. In ranar shayarwa ta zo sai in yayyafa mata a sama, ta yi duhu a ido, in mayar da tabarma. Ina gaya wa kaina ai ana rufe ta, ai danshin yana ciki, ai Juma’a uku Juma’a uku ce ko da ruwa ko babu. Na san ƙarya nake yi. Ƙafata ta sani tun kafin kaina, don in na shiga tattakawa ba ta nutsewa.

Ranar Juma’a ta uku bayan an sauko daga masallaci Kawu ya zo da jakarsa. Malam Isufu yana nan, da wasu dattawan unguwa. Kawu ya ɗaga tabarma, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ciro daga tsakiya. Ya kai hanci. Ya murza, ya naɗa a yatsa. Ina tsaye a kafaɗarsa, na ga ta tsage wuri uku. Ya dunƙule ta da sauri a tafinsa. Ya taka zuwa shagon kamar mai neman inuwa, ya ƙwanƙwasa ganga ta farko da bayan yatsa, ya saurara. Ya waiwaya ya dubi layin jarkoki. Bai dube ni ba.

“Malam,” ya ce wa Isufu, “in da hali a ƙara mata Juma’a biyu, da ruwa.”

“Baba, ba hali. Baƙi suna sauka nan da kwana goma sha biyu, an riga an yanka musu tikitin jirgi. Ruwa kuma an ba da daidai yadda ita ta rubuta. Ko akwai matsala ne? In bai isa ba sai mu binciki inda ya tafi.”

Inna Zabbu tana bakin famfo, na ga ta gyara mayafinta. Na buɗe baki zan yi magana.

“Babu matsala,” in ji Kawu. “Tsufa ne, mun saba da jan aiki. Ƙasa ta yi.”

Tun da nake ban taɓa jin ya faɗi kalmomin nan a kan ƙasar da ta tsage ba.

Aikin kwana goman nan shi ne mafi daɗi da na taɓa yi, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Matan ƙauyen nan sun saba yaɓe ɗakunansu, hannunsu ya fi nawa sauri. In ja layi, su bi da laka, Kawu na biye da cokalinsa yana gyara lanƙwasa. Zangarniyoyi bakwai suka tashi har kusa da indararo, kowace ƙwayar gero da kan yatsan mace aka danna ta. Rumbu ya zauna da hularsa. Zabon Iya Dije muka sa a ƙasa kusa da ƙofa, jikarta ce ta ɗiga masa farar ƙasa ɗigo-ɗigo. Masu jiran famfo suka juya jarkokinsu suna fuskantar bangon. Wata ta ce ita dai ko kallon geron nan ta yi sai ta ji kamar ta sha kunu.

A rana ta ƙarshe aka taru. Na riga na zaɓi alamata tun ina lise, ɗan jinjirin wata da gefen babban yatsa. Na tsuguna a hannun dama na ƙofa. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Kawu ne. Ya ture ni gefe a hankali, ya buɗe jakarsa ya ciro wani curin ƙasa a cikin jiƙaƙƙen tsumma, mai duhu, ba irin tamu ba. Ya kankare wurin, ya cike shi da ita, ya lallaɓa, ya danna yatsunsa uku.

“Kawu, aikina ne.”

“Zanenki ne. Sauran ki bari sai kin girma.”

A gaban mutane ya faɗa. Wasu suka yi dariya, wani ya ce tsoho ba ya son sakin ragama. Baƙi suka zo, suka yi ta ɗaukar hoto, suka sa ni tsaya a tsakiyar mata, aka tafa. Ni kuwa na koma gida na ce wa mahaifiyata ɗan’uwanta ya yi mini hassada don sunana ne a takarda. Duk sauran ranin ban taka zaurensa ba. In mun haɗu a hanya in gaishe shi a tsaye in wuce.

Ruwan farko na daminar da ta biyo baya ya sauko da la’asar, mai ƙarfi, irin wanda aka shekara biyu ana roƙo. Gari duka ya fito. Mata suna tara kwanoni a ƙarƙashin indararo, tsofaffi suna kuka suna hamdala. Da ya tsagaita na tafi unguwar a guje. Tun daga nesa na ga bangon ya zama tsirara. Fuskarsa gaba ɗaya ta sulale ta zube a gindinsa kamar tuwon da bai nuna ba, ta jawo har da tubalin sama. Gero, rumbu, ƙwarya, zabo, duk sun koma jan kwaɓi ɗaya yana gangarawa cikin kwata. Abu ɗaya ne ya rage a manne, ɗan wuri kamar faɗin faifai a hannun dama na ƙofa, mai duhu, da yatsu uku a jere, ruwa ya wanke su sun fito tas.

A nan na gane abin da ya sa ya zo da ƙasarsa daga gida. Ya tabbatar ko komai ya tafi, wannan zai tsaya, don kada a yi gardama a kan wanda za a nema.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama Zango da Birni. Yarinya ta yi zanenta mai kyau, tsoho ya ɓata mata da ƙasa. Hancin Ari ya mutu. Dama an ce ya fara mantuwa. Da kaka ta yi kyau mutane suka soma gyaran gidaje, ba wanda ya aiko masa. Alhaji Sabo, wanda Kawu ya yi wa aiki tun kafin a haife ni, ya kira masu siminti suka shafe keken ɗinkin, suka yi masa fenti ruwan ganye. Na je shagonsa na gaya masa yadda aka yi tun daga wankan Iya Dije.

Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, kina rufa wa kawunki asiri. Amma ni yatsu na gani.”

Na je wurin Inna Zabbu na ce ta tara matan su faɗa da bakinsu. Ta juya ƙosanta, ta amsa.

“Ɗiyata, mu ce mun sha ruwan furoje? Gobe in za a raba wani abu a tsallake unguwarmu? Yawancinsu ma sun koma ƙauye tun lokacin shuka. Allah ya san abin da ya yi, shi zai biya shi.”

Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma na ji da kunnena wasu da suka zo da kwano a ƙarƙashin mayafi suna cewa bangon Ari ko damina ɗaya bai kai ba.

Sannan na je zaurensa. Yana zaune yana gina murhu, irin na laka da mata ke saye, abin da a da yake bar wa masu koyo. Na durƙusa na ce zan hau kan tsani a kasuwa in faɗa wa kowa.

“Ki faɗa musu me? Cewa ɗiya mace ta samu ƙasa sau ɗaya ta shayar da ita rabi? Wa zai sake ba ki? Su kuma na biro su ce ɓarauniya.” Ya ci gaba da lallaɓa bakin murhun. “Bango ya faɗi sau ɗaya, ’yar lakwal. So kike ya faɗi sau biyu?”

“Da na bar shagon a rufe tun farko, da ka zo ka duba…”

“Da kin rufe shi da ban sake ba ki cokalina ba. Miƙo mini ruwan can.”

Bayan wata shida wani littafi ya iso daga waje, mai takarda mai sheƙi, da ayyukan duk waɗanda aka zaunar a unguwanni a ƙasashe daban-daban. Namu ya ci shafi biyu. Zangarniyoyin suna tsaye, shunin yana ɗaukar ido, sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, sannan da ƙanana an rubuta, tare da mutanen unguwa. Saboda littafin nan aka gayyace ni Yamai, aka gayyace ni gaba da Yamai, aka ba ni wasu unguwannin. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ga ko bangon yana nan. Na kai wa Kawu. Idonsa ya riga ya fara hazo, ya kawo shafin daf da fuskarsa, ya mayar.

“Yatsun sun fito?”

Na duba. Mai hoton ya yanke bangon daga gwiwa, don ya samu kan zangarniyoyin.

“Ba su fito ba, Kawu.”

“To madalla,” ya ce. “A can yana tsaye, kuma naki ne. A nan ya faɗi, kuma nawa ne. Rabo ya yi daidai.”

Tun daga ranar har yau bai sake hawa tsani ba. Ni ke da jakar fatar yanzu, da cokalin, da baƙin dutsen. Duk aikin da zan yi sai na ɗebi ƙasar a tsumma na kai masa zaure ya shinshina, ya naɗa a yatsa yana lalube da babban yatsansa. In ya ce a ƙara mata Juma’a, ana ƙarawa, ko jirgin wa zai tashi. Jinjirin watan kuwa ban taɓa danna shi ba. Nakan tsuguna a hannun dama na ƙofa, in lallaɓa wurin ya yi santsi, in tashi.

Ku ajiye dosiyoyinku a kan tabarma, zan gyara muku Faransancin, ba shi da wuya. Ƙasa tana bayan gida a ƙarƙashin rufi, Juma’a ɗaya kawai ta gani, yau kuma ranar shayar da ita ce. Ku cire takalma.